In 'yan sanda sun harbe yaro, rediyo ta ce ɗan fashi ne, daga ina ake farawa?

Ɗan Asawase: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana shari'a da aikin jarida ce. Duk ranar da 'yan sanda suka harbe wani, kafin azahar gidajen rediyo sun gama yanke hukunci: an yi musayar wuta, 'yan fashi sun mutu. In aka ji mamacin daga zango ya fito, wato unguwanninmu na Hausawa da Musulmi a Ghana, ba mai sake tambaya. Yaya ake bambance labarin da aka bincika da wanda aka kwaso daga bakin 'yan sanda? Kuma me ya kamata dangi su fara yi?

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. Labarin farko galibi sanarwar 'yan sanda ce ake karantawa, domin ita ke riga kowa isa ɗakin labarai. Za ka gane ta da majiya ɗaya tak, da hoton bindigogi jere a ƙasa, sannan kalmar "zargi" ta ɓace daga kanun labarin. To ka tambaya: in musayar wuta aka yi, ɗan sanda nawa ya ji rauni? Akwai ramin harsashi a jikin motarsu? Wa ya ga lokacin da aka karɓi makaman daga hannun mamatan?

Ba mu manta da abin da ya faru a garin Manso Nkwanta ba. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan zangon Kumasi, aka ce 'yan fashi ne. Sai da matasa suka fito kan titi kafin gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin kuma bai sami hujjar cewa fashi suke yi ba. An dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane gida sidi 250,000. Amma wanda ya ji labarin farko a tasha, da shi ya tafi gida.

Hajiya Ramatu: Malam ya faɗi na jarida, bari in faɗi na dangi. Babbar asararmu gaggawar jana'iza. Addini ya ce a hanzarta, gaskiya ne, amma in aka rufe gawa ba a bincika ta ba, an rufe ta da shaida. Mutuwa irin wannan, dokar 1960 ta ɗora binciken musabbabinta a kan majistaren gunduma. Ku nemi a yi binciken gawar, a nan Kumasi yawanci a asibitin Komfo Anokye ne, ku roƙi likita ko lauyanku ya halarta, ku karɓi kwafin rahoton. Abin dubawa shi ne ta ina harsashi ya shiga, gaba ko baya, kuma daga kusa ne ko nesa. Masu wanka su ɗauki hoton raunukan kafin a sa likkafani. Rigar da ya mutu da ita kada a wanke, a shanya ta a inuwa a sa a takarda. Leda na ruɓar da jini.

A ranar a rubuta maganar shaidu, kowa daban, da lokaci da wuri da lambar mota. Bayan mako guda tsoro ya shiga, labari ya cakuɗe da na unguwa. Koke kuma a kai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, a rubuce kafin wata 12, in ya wuce suna iya ƙin karɓa.

Baba Sule Aboabo: Hajiya, ki ƙara da bidiyo. A Amurka, sanarwar farko kan George Floyd, baƙar fatan da ya mutu a hannun 'yan sanda a Mayun 2020, cewa ta yi ya shiga matsalar rashin lafiya; wayar wata yarinya mai shekara 17 ce ta rushe zancen. Walter Scott ma a 2015, sai da bidiyo ya nuna a baya ɗan sanda ya harbe shi yana gudu. Can launin fata ne, nan unguwa da suna, amma hanyar ɗaya ce. Kuskuren yaranmu shi ne turawa ta WhatsApp su goge na asali. WhatsApp na matse hoto ya share bayanan rana da wuri, sai a ce ƙirƙira ce. A bar shi a wayar da ta ɗauka, a kwafe ta kebul zuwa kwamfuta, kada a yanke ko a ɗora waƙa a kai.

Malam Tanko: Baba, ban cika son kwatanta mu da Amurka ba. Can jaridar Washington Post ta yi ƙidayar waɗanda 'yan sanda suka harbe daga 2015 zuwa 2024, kusan dubu a shekara, shi ya sa suke iya nuna cewa a gwargwadon yawansu, baƙaƙe sun fi ninkin farare. Mu sai dai mu tuna da ka. Ɗan Asawase, in gidan rediyo ya kira ɗanku ɗan fashi, sashe na 162 na tsarin mulkin 1992 ya wajabta musu watsa martaninku. Ku rubuta shi gajere, da rana da sunan shirin, a buga muku hatimi a kwafinku. In sun yi burus, ku kai wa Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa a Ankara (Accra), haɗe da sautin shirin da kuka naɗa.