Rile na ƙara wa fitilar mota haske, ko zance ne kawai?

Direban Dare: Jama'a, an ce in sa wa fitilun gaba rile, wai haske zai ƙaru. Ni ban gamsu ba. Rile ai makunni ne, ba janareta ba. Ina zai samo ƙarin wutar?

Oga Rewaya: Ba wuta yake ƙirƙira ba, Malam, wadda ke salwanta a hanya yake cetowa. A tsofaffin motoci da yawa, wutar sai ta taso daga batir, ta shiga cikin mota, ta ratsa makunnin sitiyari, sannan ta dawo gaba ta siririyar waya. Duk mahaɗin da ya yi tsatsa sai ya ci rabonsa. Inji na aiki, batir na nuna volt 14, amma ka auna a gindin ƙwai ka tarar da 12 da ɗoriya.

Baba Makanike: To meye na wahala? A sa ƙwai mai wat 100 a huta.

Oga Rewaya: Haba Baba! Wayar da ta kasa ciyar da ƙwan fitila na H4 mai wat 55, ita za a ɗora wa kusan ninki? Soket zai narke, makunni ya ƙone, kuma ka kashe wa mai tahowa ido a banza.

Ɗalibin Lantarki: Oga na da gaskiya. Ƙwan halojin ba ya yafiya: volt ya ragu da kashi 10, haske ya ragu da kusan kashi 30. Sai dai a sani, ƙwan da ke samun cikakkiyar wuta ya fi saurin mutuwa.

Direban Dare: Ka ji ko! Ashe akwai asara.

Oga Rewaya: Gara in sauya ƙwai da in afka wa tirela a duhu. Waya mai kauri daga batir, fis dab da batir ɗin, ta shiga ƙafar rile mai lamba 30, ta fita ta 87 zuwa fitila. Tsohuwar wayar ta koma 86, 85 kuma a jikin bodi. Rile ɗaya na dim, ɗaya na ful layit.

Baba Makanike: Yaro, motocin yanzu fa? Kwamfutarsu na lura da ƙwai, kana taɓa wayar za ta kunna maka alama a dashbod. Kuma ni sau da dama wayar da ke komawa bodi nake samu ta yi tsatsa. In kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, in ɗaure, haske ya dawo ba rile.

Ɗalibin Lantarki: To a fara aunawa. A kunna inji da fitila, tsinken mita ɗaya a kan fositib na batir, ɗaya a wayar wuta ta gindin ƙwai. In bai kai rabin volt ba, rile ba zai ƙara abin kirki ba.

Direban Dare: In kuma ya haura volt ɗaya, Oga, ka tanadar min guda biyu.