Flameout: mutuwar inji ko suman inji?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Shirina zai fita ƙarfe shida na yamma, kuma na maƙale a kan flameout a injin jet. In rubuta "mutuwar inji" kawai?

Injiniya: "Mutuwa" ta yi faɗi, Hajiya. Wutar da ke ci a inda mai ke ƙonewa ce take mutuwa, ƙarafan lafiyarsu lau. Mai ya yanke, ko inji ya haɗiyi ruwa da ƙanƙara, ko toka. A 1982 tokar dutsen Galunggung a Indonesiya ta kashe injina huɗu na wani Boeing 747, kuma duk suka sake tashi.

Kyaftin: To ai suma ke nan. "Suman inji". Bambancin yana da amfani. Da farko jirgi zai karkata ɓangaren injin da ya tsaya, sai matuƙi ya taka feda ya miƙar da hancinsa. Sannan matuƙan biyu su tabbatar wane inji ne, a mayar da toturinsa baya, a rufe mai. A haɗarin jirgin da ya faɗi a Kegworth ta Ingila, 1989, lafiyayyen injin aka kashe bisa kuskure, mutum 47 suka rasu. Idan babu gobara, babu jijjiga, fanka tana juyawa, a kunna filogi a gwada farfaɗo da shi, ko da iskar gudu ko da ƙaramin injin wutsiya. In ya kama da wuta ko ya cije, ba a sake taɓa shi, sai neman filin sauka mafi kusa. Wannan ne mutuwa.

Malamin Hausa: Ƙarfe ba ya suma. Kuma "inji" ma Turanci ne. "Ɗaukewar wutar na'ura" ta fi tsabta.

Injiniya: Allah gafarta Malam, na'ura daga Larabci take. Kuma mai sauraro zai ɗauka lantarkin jirgi ne ya ɗauke.

Malamin Hausa: Aron da ya daɗe ya zama ɗan gida. Ku dai kunyar harshenku kuke ji.

Kyaftin: Ƙarfen da ba ya suma, ya aka yi yake mutuwa? Kullum ana cewa mota ta mutu.

Mai Fassara: Jama'a, saura minti 40.

Malamin Hausa: Sa "mutuwar inji" a kanun labari. Suman nasu ki ajiye shi cikin bayani, amma ni ba zan koyar da shi ba.

Mai Fassara: Haka zan yi. Na gode.