Neman shawara: abokin aikina da bai yarda da Allah ba ya kai ƙarata

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a arewacin Ingila, shekara ɗaya da wata huɗu, kuma kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizata. Akwai wani Bature da muke aikin dare tare, ba shi da ƙyuya, amma ya ce shi sam bai yarda akwai Allah ba. Da azumi ya tambaye ni me ya sa ko ruwa ba na sha, na yi masa bayani. Ganin ya saurara sai na kawo masa ɗan littafi a kan Musulunci, na riƙa tura masa bidiyon wa'azi ta WhatsApp. Bayan na uku ya rubuto cewa ya gode, amma in daina. Na ƙara tura biyu, don wallahi tausayinsa nake ji. Tun daga nan in na tashi salla sai ya ce a gaban mutane wai na tafi hira da bango. Jiya manaja ta miƙo min takarda: ranar Alhamis akwai zaman bincike, ya kai ƙara cewa ina takura masa da addini. Shi da yake min izgili fa? Me zan ce a zaman? Za su iya korata?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki fara sanin inda kike tsaye. Dokar daidaito ta 2010, a sashe na 10, ta kare addini, ta kuma kare rashin addini da kariya iri ɗaya. Wato a idon doka rashin imaninsa da sallarki matsayinsu guda. Sashe na 26 ya ce takurawa ita ce halayyar da mutum bai so ba, mai nasaba da addini, wadda ta taɓa mutuncinsa ko ta sa wurin aiki ya yi masa zafi. Ki lura da "bai so ba". Bayanin azumi shi ya nema, babu laifi. Littafin da bidiyo ukun farko ma da sauƙi, tunda bai hana ba. Biyun ƙarshe su ne ƙashin bayan ƙararsa, domin ya ce ki daina, a rubuce, kuma saƙon yana cikin wayarsa. Kada ki dogara da cewa ba a lokacin aiki kika tura ba. In a rukunin ma'aikata kika samu lambarsa, za su ɗauka abin ya shafi aiki.

Kotunan ƙasar nan sun sha raba abu biyu: hukunta mutum don addininsa, wanda haramun ne a doka, da hukunta shi don yadda ya ɗora wa wani addinin. A 2016 kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta yanke shari'ar Victoria Wasteney, babbar ma'aikaciyar lafiya Kirista a gabashin Landan. Ta yi wa wata ƙaramar ma'aikaciya Musulma addu'a tana dafa ta, ta gayyace ta tarukan coci, ta ba ta littafin wata Musulma da ta koma Kirista. Aka ba ta takardar gargaɗi, ta kai ƙara, ta faɗi. Wannan hukuncin da ya kare Musulma ranar nan, shi zai kare Baturenki yau.

Anti Rabi: Bari in shiga maganar Alhamis kai tsaye, don kwana ya ƙare.

Kada ki goge ko saƙo ɗaya. Yana da nasa kwafin, gogewa kuma sai ta mayar da ƙaramin laifi ya zama rashin gaskiya, wanda shi ne ake kora a kai. Ki ɗauki hoton hirar duka daga farko, har da inda yake amsa miki da fara'a. Daga yau kada ki yi masa maganar ƙarar, ko a waya ko a baki, kada kuma ki aika wani ya ba shi haƙuri. Mu a gida biko ne, su a nan matsa wa mai ƙara ne.

Ki nemi manaja ta ba ki, a rubuce, abin da ake zarginki da shi, da takardar ƙa'idar kamfani kan ladabtarwa da ta takurawa. Zaman bincike ba shi ne zaman hukunci ba. A na bincike doka ba ta tilasta musu barin ki zo da wani ba, amma ki roƙa, da yawa suna yarda. In abin ya kai zaman ladabtarwa, haƙƙinki ne ki zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. In kina cikin ƙungiyar ƙwadago irin Unison ko GMB ki kira su yau. In ba kya ciki, ki sani yawanci ba sa ɗaukar matsalar da ta riga shigar mutum, don haka ki kira ACAS, hukumar ba da shawara da sasanta rikicin ma'aikata da masu ɗaukar aiki, shawararsu kyauta ce.

A zaman ki faɗi abu yadda ya faru, da kwanan wata: shi ya fara tambaya, kin ba shi littafi, kin tura uku, ya ce ki daina, kin ƙara biyu, kuskure ne, ba za ki sake ba. Shi ke nan. Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne su ce "addinina ne ya wajabta min." Mai bincike abin da yake ji a nan shi ne gobe ma za ki maimaita. Kafin ki sa hannu a bayanin zaman, ki karanta shi layi-layi, ki gyara abin da ba ki faɗa ba.

Malam Nasiru: Ni abin da ya dame ni, ko'ina sai a ce Musulmi ya yi shiru. Su suna tallar ra'ayinsu a talabijin da makarantu, mu bidiyo biyar ya zama laifi. Isar da saƙo fa wajibi ne.

Ustaz Habibu: Malam Nasiru, ai ta isar. Ranar da ya tambaye ta azumi ta amsa, saƙo ya isa. Abin da ya biyo baya naci ne, kuma naci ba ya cikin sharuɗɗan da'awa. Aya ta 125 a Suratun Nahli ta ce a yi kira da hikima da wa'azi mai kyau. A ƙarshen Suratul Gashiya an ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi mai tunatarwa ne, ba mai tanƙwara mutane ba. Sannan ka duba aya ta 108 a Suratul An'am, inda aka hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Malamai daga nan suka fitar da cewa halas ma ana barin sa in zai jawo ɓarna. To ga shi a fili: kafin bidiyo biyun nan mutumin tambaya yake yi, bayansu izgili yake wa salla.

Akwai kuma abin da muke kuskure wa. Wanda ya ce babu Allah ba kamar Kirista ba ne da kuke da tushe ɗaya na wahayi da annabawa. Bidiyon da ke kafa hujja da aya, a wurin wanda bai yarda da littafin ba, kamar ka biya bashi ne da kuɗin da ba a karɓa a garin. A ƙidayar 2021, kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini, Musulmi kuwa kashi 6.5. Yawancin mutanen ƙasar nan addini a wurinsu sirri ne kamar albashi. Ƙa'ida mai sauƙi: in ya tambaya, a amsa gwargwadon tambayar, a tsaya. In yana son ƙari shi zai dawo.

Baban Ilham: Kan izgilin da kika tambaya. An soke dokar saɓo a Ingila da Wales tun 2008, saboda haka sukar addini ita kaɗai ba laifi ba ce, kuma babu ɗan sandan da zai zo. Amma wurin aiki daban ne. Ya riƙa ce miki kina hira da bango, a gaban abokan aiki, duk lokacin da kika tashi salla, wannan ya shiga sashe na 26 ɗin nan dai. Ki zauna yau ki rubuta: rana, lokaci, kalmomin da ya faɗa daidai, da wanda yake wurin. Sau nawa ne? In sau biyu ne ki ce biyu, kada ki ce "kullum." Ki ambata a zaman, bayan kin gama amsa naki, ki ce kina so a duba shi ma. Kada ki buɗe da shi, don sai ya yi kama da ramuwa. In suka share, sai ki shigar da koke a rubuce. Ƙarar wariyar addini ba ta buƙatar ki daɗe a aiki, amma wa'adinta gajere ne: ki lissafa wata uku ba kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru, kuma sai an bi ta ACAS kafin kotu.

Anti Rabi: Batun kora. Laifin farko, tsakanin ma'aikata biyu masu matsayi ɗaya, kuma an amsa kuskure, galibi gargaɗi ne ko sulhu a gaban manaja, wani lokaci a raba muku dare. Abu biyu ke tsananta shi: a gargaɗe ki ki sake, ko ya shafi tsofaffin da kike kula da su. Sarah Kuteh, nas ce a asibitin Darent Valley, an kore ta a 2016 saboda wa'azi ga marasa lafiya masu jiran tiyata bayan an hana ta, kuma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce korar ta yi daidai. Don haka in kin taɓa karanta wa wani tsoho addu'a, ko kin bar ɗan littafi a ɗakinsa, ballantana mai ciwon mantuwa, ki gaya wa wanda zai ba ki shawara tun kafin Alhamis. Na fi nanata wannan saboda bizarki. In aiki ya ƙare kamfani zai sanar da hukumar shige da fice, kuma yawanci kwana 60 ake bayarwa a samu wani mai ɗaukar nauyi.

Ɓoyayyiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tsofaffin ban taɓa yi musu maganar addini ba, alhamdulillah. Izgilin sau huɗu ne, biyu a gaban wata 'yar Ghana da muke dare tare. In tambaye ta ko za ta ba da shaida?

Anti Rabi: A'a, ke dai ki ba mai bincike sunanta da ranakun, su za su kira ta. In kika riga su zuwa wurinta, sai a ce kin kitsa mata abin faɗa.