Musayar Waƙa: Gidan Bolsover Mai Shigar Barade

Mai Alƙalami:
'Yan'uwa, ga baiti kan gidan da Charles Cavendish ya aza harsashinsa a 1612, a yankin Derbyshire na Ingila. Mai amsa ya amsa.

Kan tudun Bolsover na hango ganuwa,
Hasumiya da zankwaye suna ta miƙewa,
Alhali igwa ta daɗe da zuwa,
Katangar dutse ba ta hana ta rusawa.
To wa Cavendish yake tsoro, 'yan'uwa?

Ƙanwar Magina:
Malam, babu tsoro cikin wannan ginawa,
Dubi tagogin, faɗinsu ya isa shaidawa,
Mai jiran kibiya, taga yake tsukewa.
Begen baraden dā ne ke ta motsawa,
Masu sulke da mashi, masu alkawari da cikawa.
Robert Smythson ya zana, ɗansa John ya yi ɗorawa,
Kan kufan ganuwar Peverel, basaraken Normawa.

Dattijon Zaure:
'Yata, kin kama bakin zaren gaskiya.
A dā, duk 17 ga Nuwamba, ranar hawan mulkin Sarauniya
Elizabeth, fadawa kan sa sulke da kwalliya,
Su kara da mashi a fadar Whitehall, a tashi lafiya.
Wanda ya saba ganin haka tun ƙuruciya,
In ya tashi gini, ai sai ya ɗora hasumiya.
Uwar Cavendish, Bess, ta cika gidanta na Hardwick da gilashi, shaidar dukiya,
Shi ko ɗan ya bi abin da ke cikin zuciya.

Mai Alƙalami:
Baba, na ji, to ina barden yake a ciki?
Sulke a rataye ai ba ya aiki.

Ƙanwar Magina:
Malam, ga ɗan Cavendish, William, gwanin doki,
Ya gina dogon zauren horar da dawaki,
A 1634 ya shirya gagarumin biki,
Ya sauki Sarauniya Henrietta Maria da mijinta Charles, sarki.
Da basasa ta ɓarke, shi ya ja dakarun sarki na arewa yaƙi,
Karawar Marston Moor, a 1644, ta bar shi da miki.

Dattijon Zaure:
Gidan ya miƙa wuya ga 'yan Majalisa, abokan gabar sarki, a wannan shekara,
William kuwa ya haye teku, a birnin Antwerp ya ƙare hijira.
A gidan mai zane Rubens ya sauka, ya ɗaura ɗamara,
Littafinsa na horon doki ya fito a 1658, cike da basira.
Da ya dawo a 1660, Bolsover ya hau gyara.