Kalmar "run" ta Turanci: a ina ta taɓa zo muku da wata fuska?

Malamin Sakandare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da Turanci a ajin ƙarshe na sakandare, kuma akwai kalma ɗaya da take ci min tuwo a ƙwarya duk shekara, wato "run". Tun daga firamare an ɗora yaranmu a kan cewa ma'anarta gudu, shi ke nan. To a jarrabawar WAEC akan ciro kalma daga cikin labari, a ce ɗalibi ya kawo wadda za ta maye gurbinta daidai da yadda aka yi amfani da ita a wurin. A gwajin da na yi musu, labarin ya ce wata mata "runs a small clinic", ma'ana tana da ɗan asibitin da take kula da shi. Yawancinsu kalmomin tsere da sauri suka rubuto min. Yaran nan ba rashin ƙwaƙwalwa ke damunsu ba, abin da aka ba su ne suka mayar. Don Allah duk wanda kalmar nan ta taɓa gitta masa a wurin sana'arsa ya ba mu labari, in tattara in kai musu.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Mu a asibiti kullum muna tare da ita. Likita ya ce "run some tests", a yi gwaje-gwaje ke nan. Yaro yana "running a temperature", jikinsa ya yi zafi. In aka ce ciwo "runs in the family", ana gadonsa a gidan, kamar sikila.

Amma wanda ya tsaya min a rai na wani dattijo ne mai ciwon zuciya. Ɗansa ke jinyarsa, saurayi mai natsuwa, ya yi karatunsa daidai gwargwado. Likita ya rubuta a kati cewa ledar ƙarin ruwa ta yi "run" na awa takwas, wato a saita ta ta riƙa sauka a hankali har tsawon lokacin. Yaron ya karanta, ya ɗaga kai ya ga ruwa na ɗiga ɗis, ɗis, sai ya ɗauka sakaci muka yi: an ce ruwa ya yi gudu, ga shi yana rarrafe. Ya sa yatsa ya murza ɗan abin da ke matse robar, ya buɗe ta gaba ɗaya. Allah ya sa na zo zagaye da wuri. Mai irin wannan ciwo in ruwa ya shige shi da sauri yana iya taruwa a huhu, numfashi ya gagara. Ban yi wa yaron faɗa ba, son mahaifi ne ya sa shi. Na zaunar da shi na yi masa bayani, hawaye na zubo masa. Tun daga ranar duk mai jinyar da na ga yana leƙen kati, sai na tsaya na fassara masa da Hausa.

Bakanike Mai Injin Ban-ruwa:
Anti, Allah ya kiyaye gaba. Mu kuma a kan injuna muke haɗuwa da ita. Inji ba ya motsawa daga inda aka ajiye shi, amma in yana aiki Bature ya ce yana "running". A jikin injin ban-ruwa za ka ga an rubuta "do not run dry". Abin nufi, kada ka tayar da shi sai ka cika masa ciki da ruwa, don ruwan ne ke sanyaya abin da ke hana shi yoyo. Wani manomin rani ya kawo min sabon injinsa ful, kwana biyu da saye ya fara tsiyaya. Ɗansa ne ya karanta masa rubutun, ya ce wai ana nufin kada a ja shi a busasshiyar ƙasa. Suka nemi wuri mai danshi a bakin fadama suka girke shi, suka tayar ba ruwa a ciki.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wanda nake so Malam ya faɗa wa yara da babbar murya shi ne na janareta, inda ake rubuta kada a yi "run" ɗinsa a cikin ɗaki. Kada a kunna shi a rufaffen wuri ake nufi. A hayaƙinsa akwai iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci.

Mai Fassarar Labarai:
Ni aikina fassara a gidan rediyo, kuma sabon ma'aikaci da wannan kalma muke gane ko ya nuna. Amurkawa kan ce mutum zai "run for president", mu ce zai tsaya takara. Turawan Ingila sun fi cewa "stand", ka ga su sun zo daidai da mu. "Running mate" abokin takara ne, wanda zai zama mataimaki. "Run-off" zagaye na biyu, kamar wanda aka yi a Nijar ranar 21 ga Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane.

Wata rana wani ƙaninmu a ofis ya kawo min labarin bankin nan na Amurka, Silicon Valley, da ya durƙushe a watan Maris na 2023. Inda aka ce "a run on the bank" ya rubuta cewa jama'a sun gudu daga bankin. Na ce masa ai sun ma fi kusa da gudu zuwa gare shi. Rububin cire kuɗi ne, lokacin da masu ajiya suka tsorata kowa yana son kwashe nasa a lokaci guda, irin abin da ya faru da bankin Northern Rock a Ingila a 2007, har mutane suka yi dogayen layuka a ƙofar rassansa. Da labarin ya fita a yadda ya rubuta, mai sauraro a ƙauye zai ɗauka gobara ce ta tashi.

Ɗalibin Harsuna:
Ranka ya daɗe Malam, kada yaranka su ji kunya, masu harshen ma sun sha fama. Babban ƙamusun Oxford a bugunsa na 1989, kalmar "set" ce ke kan gaba da ma'anoni 430. Da aka sake bitar "run" aka fitar a 2011, sai aka lissafa mata 645, kuma a matsayinta na aikatau kaɗai. Peter Gilliver, editan da ya yi aikin, wata tara ya shafe a kanta. Tun a tsohon Turanci kalmar ta haɗa gudun ƙafa da gudun ruwa. Da injuna suka zo aka jingina musu ita, jirgin ƙasa ya ɗauka, mota ta ɗauka, yanzu manhajar kwamfuta ma "run" take yi.

Abin da ya taimake ni a aji shi ne lura da cewa mu ma muna da hanyar. Ruwa yana gudu, kogi yana gudana, shugaba yana gudanar da mulki, taro ya gudana lafiya. Matar da ke cikin labarin Malam gudanar da asibiti take yi. Ko "running stomach" da ake faɗa a Turancin Najeriya, ai gudawa ce.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ka yi bayani mai kyau, amma ina jan hankalin Malam kada ya shiga aji da wannan adadi. Ka ce wa yaro ɗan shekara 16 kalma ɗaya na da ma'ana 645, ka karya masa gwiwa ne kawai. Masu ƙamus aikinsu ne tsattsage gashi, ba wanda ke magana da lissafi a ka.

A zamaninmu da "ci" nake farawa. In ce wa yara: wane ya ci tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci sarauta, ya ci kasuwa, alƙali ya ci shi tara, wuta ta ci gida, riga ta ci yadi biyar. Sai in tambaya, wa ya rikice? Ba ko ɗaya. Me ya hana? Sai su ce ai kalmar da ke biye ce ke nuna hanya. Daga nan in buɗe musu littafin Turanci, in ce kada wanda ya fassara min kalma sai ya kai ƙarshen jimla. Abin da ke ɓata min rai shi ne allon firamare da ake rabawa gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, kalma ɗaya ma'ana ɗaya, a sa yara su rera. Abin da aka rera a aji biyu da wuya ya fita a aji shida.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ban yi nisa a boko ba, amma wannan na san shi tun kafin a fassara min. Kayan da nake sarowa wani lokaci da ɗan ƙyalle a wuya an rubuta "colours may run". Zuba ce. In ka jiƙa shi tare da farin kaya, ka yi ta kanka. Yanzu duk wadda ta sayi irinsa sai na ce mata wankin farko ta yi masa shi kaɗai da ruwan sanyi.

Yaya Mazauniyar Birmingham:
Gaskiyar Baba ce, a bakin mutane ake tsintar ta. Farkon zuwana maƙwabciyata ta ce za ta yi "school run", ina ta kallon takalminta mai tsini ina mamaki. Ashe kai yara makaranta da ɗauko su ake kira haka, ko da a mota ne. "Run a bath" tara ruwan wanka, "running late" an makara, maki a wasan kurket ma "runs" ne. Wanda zan roƙi Malam ya ware masa darasi guda shi ne ƙananan kalmomin da ke bin ta a baya, don su ke juya ta gaba ɗaya. "Run out of" abu ya ƙare maka. "Run into" kun yi kiciɓis. "Run over" mota ta take mutum. Ranar da makarantar ɗana suka bugo waya suka ce maganin asmarsa da ke ajiye a wurinsu ya kusa "run out", na gane a take, na kai musu sabo kafin a tashi.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar jinya:
Yaya, kin tuna min. A takardar sallama ma muna rubuta wa masu hawan jini da ciwon suga su dawo kafin magani ya yi "run out". Da yawa sai ya ƙare da mako biyu suke zuwa, jini ya riga ya hau. Malam, sa wannan a cikin na farko-farko.