Musayar waƙa: in majami'u sun cika, mashaya za ta bushe?

Dattijon Kagoro:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ranar Lahadi bayan sujada muka tsaya gardama a ƙofar majami'a. Wani ya ce da mutane sun ƙara karɓar bishara, da shaye-shaye ya ragu a ƙasar nan. Na kwana da maganar, ga abin da na tashi da shi. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Uba nake farawa,
Mai rai, mai riƙon duniya.

Ina yaro a gidan kakana,
Duk ranar kasuwa sai an dafa giya.

Dawar da za ta kai mu damina,
Rabinta ke ƙarewa a tukunya.

Da bishara ta shigo ƙauyenmu,
Mai son baftisma sai ya ajiye ƙwarya.

Na ga mahaifina ya fasa tulunsa,
Gaban jama'a, bai ji kunya.

Kuɗin burkutu ya koma na makaranta,
Da shi na yi karatu har Zariya.

A Littafi Mai Tsarki, Afisawa 5, aya ta 18,
Ta hana buguwa, ku duba gaskiya.

In bangaskiya ta game ƙasar nan,
Shaye-shaye zai zama tatsuniya.

Ɗan Gada-Biyu, Jos:

Baba, na durƙusa na gaishe ka,
Ka yi mini izini in faɗi na raina.

A layinmu majami'u huɗu ne,
Lasifika na tashi kafin rana.

Bayan katangar ta uku ake sai da giyar goskolo,
A robar ruwa, na gani da idona.

Mai sha da mai aunawa duk an yi musu baftisma,
Wasunsu ma abokan wasana.

Akwai mai rera yabo a kwaya da safe,
Da dare ƙwaya ke hana shi kwana.

In na ce bari, sai ya kawo bikin Kana,
Wai a can Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, ya rufe bakina.

Bencina sun cika maƙil, Baba,
Kwalba ko ɗaya ba ta ragu ba a lunguna.

Malam Mai Shayi, Fagge:
A yi mini wuri a tabarma. Musulmi ne ni, amma gobarar ta ci gidajenmu duka.

Baba Dattijo, gaisuwar maƙwabci,
Ciwon nan tare muke ɗanɗanawa.

A wajenmu giya haramun ce ƙarara,
A Kano Hisba kwalabe take farfasawa.

Sai ga kodin a rigar maganin tari,
Har matan aure a ɗaka suna kurɓawa.

A 2018 gwamnati ta hana shi,
Ƙwayoyin tiramol da roci ba su daina yaɗuwa.

Rahoton shekarar ya ƙirga masu shaye-shaye miliyan 14,
Ban da giya da taba da ba a ƙirgawa.

Muna wa'azi, ku ma kuna yi,
Yaron da ke bayan kango wa ke nemowa?

Maman Rahila, Sabon Tasha:
Ban iya waƙa kamar ku ba, amma wannan dole in sa baki.

Baba da Malam, barkanku da hira,
Uwa ce ni, a ɗakina na ga ciwon da kuke faɗar shi.

Ɗana na fari, mai kaɗa ganga a majami'a,
Ya gama sakandare, zaman banza ya ci shi.

Da sigari ya fara, sai wiwi, sai ƙwaya,
Ni ce ta ƙarshe da ta gane shi.

Injin markaɗena ya ɗauke ya sayar,
A bakin kwata da asuba na tsince shi.

Dattawan ikkilisiya suka sa shi horo,
Bencin baya, ba mai zama kusa da shi.

Wata shida bai taka ƙofar sujada ba,
Ana mini jaje kamar na binne shi.

Mata uku daga Zumuntar Mata,
Su ne ba su yarda an zubar da shi.

Duk Alhamis sai sun zo da kwanon tuwo,
Su zauna a dandamali suna jiran shi.

Wata rana ya zage su, ya watsar da miyar,
Mako na gaba suka dawo suka gaishe shi.

Suka haɗa taro da sisi na adashe,
Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa muka kai shi.

Ya fito, ya koma, ya sake faɗuwa,
Sau biyu muka sake ɗaga shi.

Wani kafinta ɗan'uwa cikin Almasihu,
Ya ba shi zarto da guduma, ya koyar da shi.

Yau shekara biyu, kujerar da nake zaune,
Hannunsa ya ƙera, in na duba sai in ga shi.

Baba, bangaskiya ta yi aiki, na shaida,
Amma da ƙafa ta zo gida ta same shi.

Ɗan Gada-Biyu, Jos:

Mama, kin sa na ajiye waya na yi kuka,
Zan faɗi abin da na ɓoye a baya.

Mai rera yabo da safe da na ba da labari,
Ba aboki ba ne, ni ne, ga gaskiya.

Kwana 19 ke nan ban sha ba,
Jiki na rawa, dare ya ƙi wucewa ɗaya.

Ina son in koma sujada ranar Lahadi,
Idon jama'a nake tsoro, da kunya.

Malam Mai Shayi, Fagge:

Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya,
Ka nemi likita, rawar jikin nan ba a rainawa.

Dattijon Kagoro:
'Yata, kin tuna mini abin da na tsallake a baitocina na farko.

Da mahaifina ya fasa tulun nan,
Abokan gayya suka juya masa baya.

Ba a noma sai da burkutu a lokacin,
Gonarsa ta kusa zama ta ƙaya.

Masu bi bakwai suka zo da garmunansu,
Da kunu a tulu suka yi masa gayya.

Na faɗi fasa tulu, na manta garma,
Ga shi ni ma na sha sa yara a bencin baya.

Ɗana na Jos, kada ka jira Lahadi,
Asabar zan hau mota in kamo hanya.

Turo mini kwatancen gida a asirce,
Mu kwana, da safe mu shiga tare, benci ɗaya.