Wanda ke tsayawa a kan mai ɗaga ƙarfe, me za mu ce masa?

Mai horarwa, Samaru: Salamu alaikum. Gobe da safe zan kai takardar ƙa'idoji wajen mai bugawa a Sabon Gari, saboda sababbin yaran da ke zuwa ɗaga ƙarfe wajenmu. Kalma ɗaya ta tsaya mini, spotter. Shi ne mai tsayawa ta wajen kanka in ka kwanta a benci kana tura ƙarfe daga ƙirji. Sandar kaɗai kilo 20 ce tun ba a sa mata faifai ba. Makon jiya wani yaro ya kwanta shi kaɗai, hannu ya mutu, sanda ta zauna masa a ƙirji, yana ta harba ƙafa, sai da muka ruga mu biyu muka ɗage. Don Allah a taimaka.

Ɗalibar Kongo, Zariya: Mai riƙo?

Mai horarwa: A'a ƙanwata, nan haɗarin yake. Ba riƙewa yake ba. Hannunsa na kusa da sandar, ba ya taɓa ta sai ta tsaya ko ta fara dawowa. In kuwa dambel ne, wato ɗan gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, ta wuyan hannu ake taimakawa, ba ta gwiwar hannu ba.

Malamin Hausa, Tudun Wada: Tsaya tukuna. Dambel kuma? Ku dubi abin: kai biyu masu kauri, tsakiya siririya. Taɓarya ce! A rubuta 'yar taɓarya. Shi kuma wancan, majiɓinci.

Bakano: Malam, yaran duk sifota suke cewa. Mun ari benci, mun ari kilo, sai a kan wannan za a tada jijiyar wuya? Kuma wa zai tsaya kiran majiɓinci ƙarfe na kan wuyansa?

Malamin Hausa: A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba Zariya za a koya wa ƙirƙirar kalma ba.

Bakano: Amma daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta.

Malamin Hausa: Wa ya buga muku littattafan?

Mai horarwa: Ku yi wa Allah, gobe ne fa.

Ɗalibar Kongo: To mai tarewa. Kamar yadda ake tare yaro in zai faɗi. Bai riƙe ba, amma yana nan.

Mai horarwa: Wannan ta zauna. Zan rubuta: Kada ka kwanta a benci babu mai tarewa. Babban yatsa ya zagaye sandar, tafin ƙafa a ƙasa, kada ka buga ƙarfe a ƙirji don ya yi tsalle.

Malamin Hausa: Ba ta kai majiɓinci ba, amma Hausa ce. 'Yar taɓarya fa?

Mai horarwa: Dambel zan bari a wannan bugun, Malam. In an sake bugawa ma tattauna.

Bakano: Sifota dai za su ci gaba da cewa.